Kafin A Ja Igiya: Ina Yaran Sababbin Unguwannin Kano Za Su Yi Wasa?

Ranar da aka kafa turaku a filin ƙwallonmu babu wanda ya yi mana sallama. Mun tashi wasa da yammacin Alhamis kamar kullum, muka bar duwatsun da muke yin raga da su a inda suke. Da muka dawo ranar Asabar sai muka tarar an ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, an kakkafa turaku an shafa musu jan fenti. A tsakiyar fili kuwa, daidai inda muke ajiye ƙwallo a take wasa, tifa ta juye yashi. Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare.

Muka yi cirko-cirko. Babban cikinmu ya yi ƙarfin hali ya je ya sami mutumin da ke zaune a kan tulin bulo, ya gaishe shi, ya tambaye shi abin da ke faruwa. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Samari, ai filin nan da mai shi."

Kuma gaskiya ya faɗa. Shekara da shekaru a gonar mutane muke wasa. Dattijon da ya ƙyale mu ya rasu, magada sun raba gado, dillalai sun yanka. Yau idan ka bi ta wurin, gidaje ne reras, har da kantin cajin waya a inda mai tsaron gidanmu yake tsayawa.

Ƙanina mai shekara tara bai san an taɓa yin fili a wurin ba. Shi a kan layi yake buga tasa ƙwallon, tsakanin kwata da kwata. Idan ɗan adaidaita sahu ya shigo a tsaya, idan mai ruwa ya turo kura a tsaya. A daminar da ta wuce babur ya bankaɗe abokinsa yana bin ƙwallo, Allah ya taƙaita abin a karayar hannu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yanzu shi ne, a unguwarmu da ke gefen birnin Kano ta ɓangaren Kumbotso, gona ɗaya tak ta rage wadda ba a yanka ba. Tana da bishiyoyin mangwaro bakwai da wata tsohuwar tsamiya. Mai ita ya rasu bara. Kowa a unguwar ya san abin da ke biyo baya.

Yadda gona ke zama unguwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ko ta Gwarzo ko ta Madobi ko ta Haɗeja ya san cewa Kano ba ta tsaya a inda iyayenmu suka san ta ba. Ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a cikin ƙwaryar birni: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Amma gine-gine sun daɗe da tsallake iyakokinsu, suna cin gonakin maƙwabta.

Mafi yawan wannan faɗaɗa ta hanyar awon igiya ake yin ta. Manomi ko magadansa su sayar wa dillali gona. Dillali ya zo da igiya da tef, ya yayyanka ta fegi-fegi, ƙafa 50 a 50, ko ma abin da bai kai haka ba. Ya bar ɗan siririn layi a tsakani. Idan mai tunani ne ya ware fegi ɗaya na masallaci, wanda shi ma yana taimaka masa wajen sayar da ragowar. Shi ke nan, an haifi unguwa.

Ba sai ka zagi dillali ba kafin ka gane lissafinsa. Duk taku ɗaya da ya bari ba a sayar ba, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Mai saye kuma burinsa ya samu inda zai sa iyalinsa ya huta da kuɗin haya. A ranar ciniki babu wanda ke wakiltar yaron da za a haifa a gidan nan da shekara biyar, wanda zai buƙaci wurin gudu. Shi ya sa ake samun unguwa mai gida dubu, amma babu inda za a yi taron ɗaurin aure ko zaman makoki sai an toshe layi da rumfa.

Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ke da alhakin tsara gari da ba da izinin gini, kuma a shimfiɗar da gwamnati ta zana akan ware wurin makaranta da kasuwa da filin shan iska. Matsalar ita ce igiya ta fi taswira sauri. Kafin tsari ya iso, an riga an zuba dakali an yi rufi.

Da can ba haka garin yake ba

Wani zai ce wurin shaƙatawa ai tsarin Turawa ne, mu ina ruwanmu. To, a 1824 Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya shigo Kano, kuma a bayanin da ya rubuta ya nuna cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba. Ragowar gonaki ne da lambuna. Waɗanda suka gina badala sun kewaye har da filin da ba su da niyyar ginawa, domin sun san gari yana buƙatar inda zai ci abinci idan an rufe ƙofofi.

Ka saurari sunayen unguwanninmu ma: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Kawo, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Duk sunayen itatuwa ne. Mutane sun zauna a gindinsu, sun yi ciniki, sun yi sulhu, har sunan bishiya ya zama adireshi. Yanzu ka shiga sabuwar unguwa ka tambayi kwatance, sai a ce maka ka sauka a gidan mai ko a taransifoma.

Haka kuma kowane gari na Hausa yana da dandali. Nan 'yan mata ke gaɗa da dare, nan samari ke langa da kokawa. Kakata har yau idan tana ba da labarin ƙuruciyarta, rabin labarin a dandali yake faruwa. Ashe abin da muke nema ba baƙo ba ne. Mun gaje shi, muka sayar da shi fegi-fegi.

Fili nawa ake magana a kai?

Sau da yawa idan aka ce wurin shaƙatawa, tunanin mutane yakan tafi ga Millennium Park na Abuja, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 2003, sai su ce wannan ai sai gwamnati. Abin da unguwa ke buƙata bai kai nan ba.

A wata takardar shawara da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya fitar a 2017, an ba da ma'auni mai sauƙi: ya kamata mazaunin birni ya samu koren fili na jama'a, mai girman aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya, a tazarar da ba ta wuce mita 300 daga gidansa ba, wato tafiyar kamar minti biyar a ƙafa. Cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince da su a 2015, akwai alƙawarin samar wa kowa irin wannan wuri kafin 2030, musamman mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Na zauna na mayar da wannan ma'auni zuwa harshen dillalai. Rabin hekta murabba'in mita 5,000 ne. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba. Ke nan rabin hekta kusan fuloti 11 ne. Idan da ƙananan fegi na 50 a 50 ake lissafi, kusan 22. Cikakken filin ƙwallo irin na gasa, mai mita 105 a 68, yana cin kusan fuloti 15.

Fuloti goma sha ɗaya. A unguwar da ake yanka ɗaruruwan filaye, wannan ne abin da ya gagare mu. Lokacin da wurin yake gona, da mutum ashirin sun haɗa kai za su iya saye. Idan aka gine, ko mutum dubu ba za su iya ba, domin sai an sayi gidajen mutane an rushe.

Abin da muke asara

Mu fara da zafi. Daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi a Kano yakan kai digiri 40 har ya wuce. Siminti da kwalta da kwanon rufi suna shan rana da yini, su dinga sakin zafin da dare, shi ya sa ɗaki ke zama kamar tanda bayan isha'i, ga babu wuta. Bishiya tana tare rana kafin ta taɓa ƙasa, sannan ruwan da ganyenta ke fitarwa yana sanyaya iskar da ke kewaye da ita. Ba sai an kai ka ɗakin gwaje-gwaje ba. Ka tsaya a bakin titi da azahar, sannan ka koma gindin darbejiya, jikinka zai ba ka sakamako.

Sai ruwa. Ƙasar da ba a rufe ba tana shanye ruwan sama, ta mayar da shi rijiyoyinmu. Idan aka shafe ko'ina da siminti, aka cike kududdufan da ke karɓar ruwa aka yi gini a kansu, ruwan ba ya fasa zuwa. Hanya kawai yake canzawa, ya shigo ɗakin mutane.

Sai 'yan'uwanmu mata, waɗanda ba a cika tunawa da su a wannan zance ba. Namiji ko babu fili zai samu majalisa ko gidan kallon ƙwallo. Wata 'yar ajinmu ta ce min ita tun da ta gama firamare ba ta sake yin gudu ba, ba don ciwo ba, sai don babu inda za ta yi ba tare da an bi ta da ido ba. Mahaifiyata likita ya ce ta riƙa tattaki saboda hawan jini. A tsakar gida take zagaye, taku goma sha biyu ta juyo.

Sannan ga mu matasa. Kullum ana yi mana wa'azi a kan shaye-shaye da daba da zaman banza, kuma wa'azin yana kan hanya. Amma yaro mai shekara goma sha biyar ƙarfi ne cike da jikinsa, dole ya sauke shi a wani wuri. Ban ce fili zai gyara tarbiyya shi kaɗai ba. Na dai san cewa lokacin da muke da namu, ƙarfe huɗu na yamma kowa ya san inda ɗansa yake.

Darasi daga Filin Idi

Mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa idan aka gine filin jama'a. An yi shaguna a Filin Idi na Ƙofar Mata. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe su. Masu shagunan suka tafi kotu, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare kake goyon baya a siyasa, lissafin ɗaya ne: 'yan kasuwa sun yi asara, an taɓa baitulmali, duk don a dawo da fili zuwa yadda yake tun farko, wato babu komai a kansa.

Gidan Zoo ma, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, an taɓa sanar da shirin ɗauke shi zuwa Tiga a lokacin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje. Jama'a suka yi ta muhawara, kuma babbar tambayar da ake yi ita ce: idan an kwashe dabbobin, me za a yi da filin da itatuwansa? Har yau yana nan a Titin Zoo, kuma duk wanda ya je ranar sallah ya ga cunkoson yara zai gane irin ƙishirwar da ake da ita.

Irin wannan ja-in-ja ba a Kano kaɗai ake yin ta ba. A 1989 gwamnatin Kenya ta shirya gina bene mai hawa 60 a Uhuru Park da ke tsakiyar Nairobi. Farfesa Wangari Maathai ta tashi tsaye, ta yi ta rubuta wasiƙu, ta je kotu aka kori ƙararta, aka yi mata ba'a a majalisa. Daga ƙarshe masu zuba jari na waje suka janye, aikin ya mutu. A 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne, ta samu abin karewa ne domin wurin yana da suna, yana da iyaka, kowa ya san na jama'a ne. Namu filin ƙwallon ba shi da ko ɗaya. Aro aka ba mu, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

"Mu da muke neman wurin kwana?"

Da muka fara maganar gonar mangwaron nan a majalisarmu, ba kowa ne ya tafa mana ba. Wani yayanmu da ke haya da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu ya ce mu 'yan boko ba mu san zafin rayuwa ba, ana neman wurin kwana muna maganar wurin shan iska. Ban ga laifinsa ba. Amsar da na iya ba shi ita ce, wanda ke da babban gida da tsakar gida mai shuke-shuke ba shi ne mai buƙatar filin ba. 'Ya'yansa huɗun nan su ne.

Wani dattijo kuma ya ce duk filin da aka bari a unguwa, ƙarshensa bola ne da rana, mafakar 'yan shaye-shaye da dare. Wannan ma gaskiya ne, mun gani da idonmu. Amma filin da ya zama bola shi ne wanda ba shi da mai kula. Filin da ake wasa a kansa kullum, 'yan sintiri na zagayawa, akwai fitila mai aiki da hasken rana, dattawa na zama bayan la'asar, ba ya zama kango.

Su kuma magada haƙƙinsu ne. Akwai marayu a cikinsu. Babu wanda ya isa ya ce su yafe gadonsu don mu buga ƙwallo.

Abin da muka koya zuwa yanzu

Mu tara ne muka je wurin mai unguwa, ni ne aka tura gaba wai don ina karanta aikin jarida. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan gonar marigayi." Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Yarana, magana mai kyau ce. Amma da baki kuka zo ko da takarda?" Da baki muka zo. Ya ce mu koma mu shirya.

Tun daga ranar muke tambaya, kuma ga abin da muka tattaro, ko zai amfani matasan wata unguwar.

Na farko, a san matsayin ƙasar. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Shi ke ba da izinin mallaka a yankin da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana bayarwa a wajensa. Dokar ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, tare da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Ke nan gwamnati tana da hanyar da za ta ware fili tun kafin a yanka, idan al'umma ta nema a rubuce kuma ta dage.

Na biyu, kada filin ya zauna da sunan mutum ɗaya, komai kirkinsa. Mutum yana mutuwa, magada ba su san alƙawarin baki ba. Ƙungiyar unguwa za ta iya yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa a matsayin amintattu, ta yadda takarda za ta fito da sunan ƙungiya.

Na uku, akwai hanyar waƙafi, wadda al'ummarmu ta riga ta sani a kan masallatai da makarantu da maƙabartu. Abin da aka yi waƙafinsa ba a sayarwa, ba a gadonsa. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Mai hali zai iya sayen fuloti biyu ko uku ya bayar, wani ya ƙara, a rubuta, a sa shaidu.

Na huɗu, a kira safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a ajiye kwafin taswira a wurin mai unguwa da dagaci da liman. Fili ba a rana ɗaya ake cinye shi ba. Yau maƙwabci ya matso da katanga taku biyu, gobe wani ya kafa kwantena.

Na biyar, a fara amfani da shi nan take. Ba sai an jira lilo da kujerun siminti ba. A dasa darbejiya da maɗaci a kewaye da farkon damina, a sa musu kariya saboda awaki, a raba wa yara aikin ban ruwa, a ware ranaku ko wani ɓangare domin mata. Idan lokacin siyasa ya zo, masu neman ƙuri'a suka shigo da kofi da riguna, a karɓa a yi godiya, sannan a miƙa musu takardar neman shinge da rijiyar burtsatse.

Inda muka tsaya

Ba zan yi maka ƙarya ba, mai karatu, ba mu samu filin ba tukuna. Muna tara naira ɗari biyar-biyar duk Juma'a, kuma kowa ya san wannan ko kuɗin safiyo da ƙyar zai biya. Amma mun rubuta takarda, gidaje da dama sun sa hannu, liman ya yi magana a kai bayan sallar asuba, wani ɗan kasuwa a unguwar ya ce idan magada sun yarda zai ɗauki nauyin fuloti biyu. Babban ɗan marigayin ya ce ba za su kira dillali ba sai an cire amfanin gona. Wa'adinmu ke nan, daga nan zuwa kaka.

Idan kana zaune a unguwar da har yanzu ake jin kukan tsuntsaye daga wata gona a bayan gidanku, ka je ka tambayi ta wace ce, ka ji me ake shirin yi da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a karon farko sai da muka ga jan fenti muka farga.

Jiya da yamma na bi ta gonar tare da ƙanina. Ya tsaya yana auna tazarar da ke tsakanin bishiyoyin mangwaro biyu da ƙafarsa, ya juyo ya ce, "Yaya, nan ai raga ce ta gaske." Na ce masa ya bari mu ga abin da kaka za ta zo da shi.